Ɗan Wata Mata a Gafasa

Gaya, 4 ga Agusta

Zuwa ga taubashiyata Bara'atu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jego, ya ruwan zafi? Ki gaishe min da Kawu Malam Uthman da Inna Larai. Ina tambayar lafiyar Abdulbasit, ko da yake na san ba amsa za ki ba ni ba, tunda ku mutanen Gafasa har yanzu kuna riƙe da kunyar ɗan fari kamar zamanin kakanninmu. Mu nan lafiya, sai ƙafar Baba da ke tashi duk lokacin da hadari ya haɗu.

Ki yafe min rashin zuwa suna. Ranar ta haɗu da ranar da aka rantsar da mu a matsayin likitoci a Kano. Na yi ta kiran wayarki ban samu ba, sai Barau direba ya ce min wai ta faɗa tukunyar ruwan wanka. Shi ya sa na koma takarda. Ya ce zai riƙa ajiyewa a shagon ƙaninsa a tashar Ajingi, masu shiga Gafasa su kai miki.

Ni dai ina zaune a gida. Na kai takarduna asibiti uku ina neman gurbin aikin shekara ɗaya da ake yi a ƙarƙashin manyan likitoci, har yanzu shiru. Unguwa kuwa ta mai da zauren Baba asibiti. Kowa ya zo a auna masa jini, wata jiya akuya ta kawo min. Ina ta bayani cewa ban isa in yanke wa kowa magani ni kaɗai ba tukuna, suna ganin rowa ce. Na gaji, Bara'atu, gajiyar da ba ta aiki ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. A ajinmu na biyu, tun ba a bar mu mun taɓa marar lafiya ba, akwai wata hanyar karatu da ake yi mana. A zaunar da mu 'yan kaɗan a tebur, a ba mu shafi ɗaya na labarin wani marar lafiya. Ba a gaya mana ciwon. Mu ne za mu fito da abin da ba mu sani ba, mu je mu karanta, mu dawo, sannan a ba mu shafi na biyu. Wadda ta fi iya wannan ita ce Dakta Hanatu, likitar tiyatar yara. Labaran jarirai take kawo mana, ta ce a jikin jariri ne ɗalibi zai ga amfanin sanin yadda hanji da tumbi suke ƙeruwa tun a cikin uwa. Gaskiyarta ce. Abin da na koya a teburin nan ya zauna, laccoci da yawa kuwa sun bi iska.

Damuwarta ita ce yawancin labaran daga littattafan waje aka kwaso su, ba yadda matanmu suke faɗin ciwo ba. Ta roƙi mu da muke zaman jira mu samo mata na gida. Ke malamar Islamiyya ce, mata suna gaya miki komai. Ki rubuto min labarin wani jariri da ya taɓa yin ciwo, da kalmomin da uwarsa ta faɗa. Kada ki sa suna, doka ce.

Taki,
Muhsina

Gafasa, 8 ga Agusta

Zuwa ga Muhsina, bokanyar Turai,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, Inna ta ce a gaishe da Baba, Allah ya ƙara sauƙi. Malam yana gona tun safe da ɗalibansa, geron bana ya yi kyau. Ruwan zafi kuwa kada ki tambaya. Safe da yamma Inna tana tsaye a kaina da ganye, ga kunun kanwa har ya fita raina. Ke da kika gudu daga suna, akuyar da aka kawo miki ita ce daidai ke, ki fara da ita.

Na ji daɗi da kika ce ba a sa suna. Akwai wani yaro a nan, ɗan wata mata. Sati uku ne da 'yan kwanaki. An haife shi lafiya, yana kama nono sosai, har ana yi wa uwar tsiya wai ta haifi acici. An cire masa beli kamar kowa, ya warke. Sai ya fara tumbuɗi. Da farko ba wanda ya kula, wane jariri ne ba ya tumbuɗi? Amma abin ya wuce haka. Yana gama sha, kafin a saɓa shi a kafaɗa, sai ya feso shi. Ba dalala yake ba, fesowa yake kamar an matse gora, ran nan har ya sami bango. Abin mamaki, yana gamawa sai ya hau neman nonon da kuka, kamar bai taɓa sha ba. A ba shi, ya sake.

Tsofaffi sun kasu biyu. Wasu sun ce wanzami bai cire belin duka ba, ragowar ce take taɓa masa maƙogwaro. Wasu sun ce nonon uwar ne ba shi da kyau. An tatsa a ludayi an jefa tururuwa, ta fita da ranta, amma masu maganar ba su bari ba. Uwar ba ta cewa komai. Kin san ba a son a ga mace tana rawar jiki a kan ɗa a gaban iyayenta.

To ga labari na ba ki. Ku da kuke zama a tebur, me kuke cewa a kan irin wannan? Ki ba Barau amsa da wuri, ba na son jira.

Taki,
Bara'atu

Gaya, 11 ga Agusta

Zuwa ga Bara'atu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da mutanen gida da wanda ba a ambata. Ƙafar Baba da sauƙi. Gurbin aiki har yanzu shiru, na daina duba waya da safe don kada in ɓata wa kaina yini.

Labarinki ya yi kyau ƙwarai, kamar kin taɓa zama ajinmu. “Kamar an matse gora” ya fi duk abin da ke cikin littafinmu. Shi zai zama shafi na ɗaya yadda kika rubuta shi, da tururuwar da komai.

Amma ina roƙon ki abu ɗaya: kada ki gaya min yadda labarin ya ƙare tukuna. Ƙa'idar ke nan. Idan ɗalibi ya san ƙarshe, ba zai yi tambayar da ta dace ba. Ina so in gwada kaina in ga ko na riƙe abin da aka koya min. Ina da zato, amma ba zan faɗa ba sai na tabbatar. Dakta Hanatu ta sha tsawata mana a kan saurin sa wa ciwo suna, ni kuma kin san ni, gara in yi shiru da in faɗi abin da za a zo ana gyara min.

Ki tuna ko ki tambayi uwar waɗannan. Na farko, aman wane launi ne, fari kamar nono ko da kore a ciki? Wannan ita ce babbar tambaya, domin ɗacin matsarmama yana shiga hanji ne a ƙasa da ƙofar tumbi. In babu kore, toshewar tana sama da wurin. Na biyu, fitsari da kashi sun ragu a lokacin? Na uku, yaron ɗan fari ne ko yana da yayye? Na huɗu, maɗigarsa ta faɗa? Na biyar, akwai wanda ya taɓa lura da cikinsa bayan ya sha, ya ga wani abu yana motsi a ƙarƙashin fata?

Ba sauri nake ba, sai ƙarshen wata zan kai wa Dakta. Ki huta, ki sha kununki, ki rubuto idan kin sami sarari.

Taki,
Muhsina

Gafasa, 19 ga Agusta

Muhsina,

Wa alaikumus salam. Muna nan. Takardarki ta daɗe a shagon tasha, ruwa ya cinye hanyarmu wajen kwalbati, mota ba ta shigowa, sai jiya wani mai babur ya kawo ta. Kullum ina aikawa a duba. Da na buɗe na ga tambayoyi ne, na ajiye ta na daɗe ban ɗauka ba. Amma ga amsa, tunda haka kuke yi.

Aman fari ne, babu kore ko kaɗan. Wani lokaci guda-guda kamar nonon da ya tsinke. Fitsari ya ragu sosai. Tsummokaran da ake shanyawa igiya guda, yanzu biyu ko uku ne a yini, su ma ba su jiƙe ba. Kashi sai ya kwana biyu bai yi ba. Maɗiga ta faɗa, an kwaɓa magani an shafa a kai. Cikin kuwa, jiya uwar ta kwantar da shi a cinya ta buɗe rigar ta zuba ido. Akwai abin da kika ce. Yana tasowa daga hagu ya gangara dama, kamar ɓera a ƙarƙashin tabarma, sannan aman ya biyo.

Yanzu satinsa biyar, amma rigar da aka sa masa ranar suna ta yi masa yawa. Fatar cinyarsa ta yi tattara kamar ta tsoho. Kukan ma ya rage ƙarfi. An yi masa rubutu, ya dawo da shi. Uban yana Legas wajen aiki, an gaya masa tumbuɗi ne kawai.

An yanke shawara wanzami zai dawo jibi da safe ya duba ragowar belin ya cire. In hakan bai yi ba, za a raba shi da nonon uwar a koma ba shi na saniya.

Kin ce kada in gaya miki ƙarshen labarin. Ban san shi ba, Muhsina.

Bara'atu

Gaya, 20 ga Agusta

Bara'atu,

Assalamu alaikum. Inuwa maƙwabcinmu ne zai kawo miki wannan a babur, hannu da hannu. Ki karanta yanzu.

Ina kwafe takardunki biyu a shafi mai tsabta sai na ga a ta farko yaron sati uku ne, a ta biyu sati biyar. Har na ja layi da jan biro zan tambaye ki wanne ne daidai. Sai na duba kwanan watan takardun. Na kuma ga tambayoyi biyar na yi, kin amsa huɗu. Na gane. Na kira wayar Kawu ba ta shiga.

Ki gaya wa uwar yaron wannan. Nononta lafiyarsa ƙalau. Ba beli ba ne, kada a bari wanzami ya taɓa shi, jikinsa ba zai ɗauki zubar jini ba yanzu. Abin da nake zato shi ne naman da ke zagaye da ƙofar tumbinsa ya yi kauri ya matse hanya, nono ba ya wucewa zuwa hanji. Hoto ne zai tabbatar, amma ko na yi kuskure a sunan ciwon, ban yi kuskure ba cewa ruwan jikinsa ya ƙare. Ana gyara wannan da ƙaramin aiki, yara suna warkewa sarai. Abin tsoron shi ne jinkiri.

Na yi waya da Dakta Hanatu, na karanta mata takardarki. Ta ce a kawo shi yau. Barau ya yarda ya bar lodi, muna tahowa, za mu tsaya a bakin kwalbatin da ya karye. Ku fito a babur zuwa nan. A lulluɓe shi da kyau. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo. In ya nema a hanya ta ba shi nono kaɗan, ta riƙe shi a tsaye.

Na san uwar ba za ta iya buɗe baki a gaban Kawu ba. Ba sai ta yi ba. Na sa wata takarda daban da sunansa a ciki, Inuwa zai miƙa masa. Na rubuta cewa ni ce na ji labari na dage, in akwai rashin kunya tawa ce. Ita dai ta ɗauko zannuwa ta fito.

Muhsina

Gaya, 2 ga Satumba

Zuwa ga Bara'atu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun isa gida lafiya, ya gajiyar asibiti? Ya jikin mai jiki? Ki gaishe da Kawu, ki ce na gode da addu'ar da ya yi min a bakin mota. Ki gaishe da Inna Larai, ki ce ma'aikatan ɗakin yara har yanzu suna labarin matar da ta zo da damin ganye tana neman inda za ta hura wuta a yi wankan jego. Ni tun da na dawo nake barci kamar an yi min duka. Baba ya kori masu auna jini da kansa.

Akwai abubuwan da ban samu na yi miki bayani ba a can, kullum Inna tana kusa, ke kuma kina kallon taga kamar ɗan wasu aka kwantar. Na ga ranki ya ɓaci da aka kwana biyu ana ƙarin ruwa ba a shiga da shi tiyata ba. Ba sakaci ba ne. Aman ya zubar da gishirin jininsa, in aka sa shi barci a haka numfashinsa zai iya ƙin dawowa daidai. Sai da gwajin jini ya daidaita. Aikin kansa tsaga naman nan ne kawai aka yi, ba a yanke komai an jefar ba, kuma ba kasafai yake dawowa ba. In ya ɗan yi tumbuɗi a kwanakin nan kada ki firgita. In ya koma fesowa, ko wurin ɗinkin ya yi ja ko ya kawo ruwa, ko zazzaɓi ya zo, ku taho. Ba a san takamaiman abin da ke kawo shi ba. An dai lura ya fi samun maza, kuma ya fi samun 'ya'yan fari. Ba abin da kika ci ko kika sha ba ne.

Ranar da za a sallame ku Dakta Hanatu ta kira ni ofis. Na ɗauka faɗa za ta yi. Ta karɓi takardun duka ta karanta, har da tawa mai tambayoyi biyar. Ta ce tambayoyin daidai suke, ko ita su za ta yi. Sannan ta ce, “Shekara nawa ina ba ku labari a takarda, ban taɓa sa ku tambayi inda yaron yake yanzu ba. A tebur yaro yana jira har mako mai zuwa.” Abin da ke raina shi ne layin da na rubuta miki cewa ba sauri nake ba. Na kasa daina ganin sa.

Tana so ta sa labarin a gaban 'yan aji biyu na bana, takardunki yadda suke, ba tare da an gaya musu wace ce ta rubuta ba, ta ga ko akwai wanda zai lura. Na ce sai na tambaye ki. Za a cire sunan gari da na kowa. In ba ki so, ki ce a'a, ba wanda zai ji haushi.

Gurbin aiki har yanzu shiru. Dakta ta ce za ta sa baki, ban sa rai sosai ba.

Taki,
Muhsina

Gafasa, 8 ga Satumba

Zuwa ga Muhsina,

Wa alaikumus salam. Mun iso lafiya. An gyara kwalbati, an fara yankan gero. Malam yana gaishe ki, yanzu ko ciwon kai aka ce masa sai ya ce a tambayi ta Gaya. Inna ta ce kwanakin wankan da na rasa sai na rama su, na ce arba'in ta wuce a asibiti, ta ce ita ba ta ƙirga da su ba. Don haka ina nan cikin ruwan zafi, ki ji daɗi. Maigidana Tijjani ya zo daga Legas ya kawo min waya, amma wannan maganar ba ta waya ba ce, gidan nan ba inda za ki tsaya ba a ji ki ba.

Ki bar maganar layin nan. Ke kika ce a cire suna, ni kuma na sami inda zan ɓuya. Da kin tambaye ni kai tsaye a takarda ta farko, lafiya lau zan ce miki, haka aka tarbiyyantar da mu. Na yi fushi da tambayoyinki, ba zan ɓoye ba. Amma ba don su ba da ban buɗe rigar nan na duba ba, kuma ranar da na ga abin yana motsi na san ba beli ba ne.

Ki gaya wa likitarku na yarda. Sharaɗina ɗaya, kada a gyara min Hausa, kuma a bar tururuwar. Ta gaya wa ɗaliban idan mace ta zo tana ba da labarin ɗan wata, su dubi gaban rigarta ko nono ya jiƙa shi.

Ɗinkin ya bushe. Ɗazu ya sha har ya saki da kansa, nono yana gangarowa ta gefen bakinsa. Na saɓa shi na tsaya ina jira, zani a hannu. Ya yi gyatsa ya yi barci. Na daɗe a tsaye da zanin, har Inna ta leƙo ta ce me nake kallo, na ce ba komai, ƙadangare ne a bango.

Saura tambayarki ta uku da na tsallake, na san ba za ki iya barci ba in shafin bai cika ba. E, ɗan fari ne. Ki rubuta.

Taki,
Bara'atu